Zarto Ne Ashe, Ba Zuciya Ba

Abla Suhair, don Allah ki agaza mini kafin kunya ta kashe ni, ko kuwa murna, don ni kaina na kasa rarrabewa.

Shekarata arba'in da shida, mijina ya daɗe da rasuwa, ina ɗinkin rigunan kujeru a nan Dumyat. Akwai wani kafinta a layinmu, Usta Shahata, shi ke haɗa katakon kujerun, ni in yi musu sutura. Shi ma matarsa ta rasu. Mutum ne da in ya ce miki kalma biyar a yini, to ranar ya yi surutu.

Tun bayan ƙaramar salla ya fara turo mini saƙo kullum da safe: barka da asuba, Madam, sai wani ɗan akwati fayau a ƙarshe. Wayata tsohuwa ce, na san takan ƙi nuna wasu alamomi. Na zauna na yi tunani, wace alama ce namiji mai kunya zai liƙa wa gaisuwa? Raina ya ce zuciya ce. Sai na mayar masa da jar zuciya. Washegari ma haka. Abla, har kwalli na koma sawa, ina taka keken ɗinki ina murmushi ni kaɗai kamar wata 'yar sakandare.

Ranar Juma'a zumuɗi ya ci ni, na tura wa ƙanwata Nawal saƙon don ta taya ni gani. A sabuwar wayarta sai ga zarto, da haƙoransa reras. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai in tuna abin da mutanenmu ke faɗa, zarto in ya hau ya ci, in ya sauko ya ci, don haka shagona yake hari, ko kuma ni yake kira mai haɗama.

Amma fa, Abla, bai taɓa cewa in daina ba. Kwanan nan ya kawo mini alewar mushabbak a kwali, ya ajiye a kan tebur, ya ce ragowa ce, alhali ko zaren kwalin ba a kwance ba. Ya kuma rage gashin bakinsa. Yanzu in na hango shi sai in shige bayan tulin soson kujeru. In daina tura zuciyar? In na daina, me zai ɗauka? In ban daina ba fa?

Mai Ɓuya Bayan Soso, Dumyat

'Yar'uwata, fito daga bayan soson nan mu yi magana.

Waya ba hoto take aikawa ba, lamba ce. Kowace alama tana da lambarta da masu ƙera wayoyi suka amince da ita, wayar da ta karɓa ita ke zana hoton. Zarto yana cikin alamomin da aka ƙara daga baya, taki ba ta san shi ba, shi ya sa ta nuna miki akwati. Da kika tura wa Nawal, lambar nan ce ta tafi, tata ta gane. Zuciya kuwa tsohuwar alama ce, da ita ya turo da kin gani tun ranar farko. Ma'anar zarto a wurin kafinta ba ta wuce na fito aiki ba. Karin maganar Nawal ki bar mata kayanta.

Ta yi gaskiya a abu ɗaya: mace mai shago ba ta gina aure a kan zato. Sai dai ki lura, zuciyoyinki sun isa wurinsa lafiya lau, ya gani da idonsa, bai canza layi ba, alewa ya sayo.

Kada ki daina kwatsam, zai zaci ya yi laifi. In ya kawo katako, ki nuna masa akwatin, ki gaya masa abin da kika zata, ku yi dariyar tare, sannan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. In da gaske yake, ki nuna masa ƙofar gidan yayanki ko kawunki. In ya yi ta kame-kame, kin san matsayinki, gaisuwar mutunci ta wadatar.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri. In abin ya tabbata, kayan ɗaki dai ba za su hana ku barci ba.

Abla Suhair