Ni na yafuto jirgin da ya faɗa ruwan rama

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. A ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan wani ƙauye ne a fadamar Haɗeja, kuma wauta na tafka. Ina gonar Baba ina korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa, sai ga wani ɗan ƙaramin jirgin sama yana ta kewaye a kanmu, yana tari kamar tsohon jaki. Don abokina Modu ya yi dariya, na tuɓe farar rigata na ɗaura a gora, ina kaɗawa ina ihun "sauko ka sha fura!" Wallahi sai ya sauko.

Bayana akwai wani fili kore shar, shimfiɗe kamar tabarma. Kowa a garinmu ya san kududdufi ne da kainuwa ta rufe, a nan ake jiƙa rama har ta ruɓe kafin a yi igiya. Daga sama wa zai sani? Ƙafafun jirgin na taɓawa ya kifa da hanci, wutsiya a sama.

Jama'a, warin! Ruwan da ya kwana wata da ruɓaɓɓiyar rama aka dama. Ungulu ta zo wucewa ta juya. Ni da Modu muka shiga har wuya muka jawo matuƙin, wani saurayin Bature da bai fi yayana ba, hancinsa na jini, matsattsaku biyu a wuyansa. Godiyar da ya yi mini ita ce amai a kafaɗa. Har yau tuwo warin rama yake yi mini.

Kashegari Di'o ya zo da malamin matuƙin da tafinta. Ashe saurayin ɗan koyo ne, ya ɓata hanya, mansa ya kusa ƙarewa. Ya ce wani yaro ne ya kaɗa masa farin ƙyalle, ya ɗauka wurin sauka ake nuna masa. Malamin ya ce ƙarya yake, tsoro ne ya kama shi, kuma in babu shaida to ya gama tuƙi.

Abin da ya fi warin tayar mini da zuciya shi ne manyanmu. Mutanen da suka yi ta dariya a bakin gona lokacin da nake kaɗa gorar, su ne suka jeru suna rantsuwa ba su ga ko zare ba. Baba ya cusa rigar a ƙasan rumbu, ya ce in na buɗe baki gidan yari zan kwana, shi kuma a ƙwace masa gona. Da na ce ai mutumin gaskiya ya faɗa, sai ya tambaye ni ko Baturen ƙanen uwata ne. Saurayin ya dube ni sosai a cikin taron, ya gane ni, bai nuna ni ba. Ni kuma na tsaya ina sosa ƙeya, ana shafa mini kai wai ni jarumi.

To in saci rigar in tafi Haɗeja wurin tafinta, ko in bi maganar mahaifina? In na je, zai yi wa saurayin amfani kuwa? Don jiya direban da ya zo kwashe tarkacen jirgin ya gaya mana an riga an kore shi daga makarantar.