Kwakwar da Ta Ƙi Fashewa a Winnipeg

Aai, mahaifiyata,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya ciwon gwiwarsa? Ni lafiya lau nake, ramar da kika gani a hoto sanyi ne kawai.

Zaman banza ya ƙare, na samu aikin tuƙin tirela. Ranar farko na rataya wa motar furanni, na ɗaga kwakwa na buga da ƙasa kamar yadda muke yi a gida. Sai ta nutse cikin dusar ƙanƙara, ko tsagewa ba ta yi ba. Gabana ya faɗi, na ce ko Ganesha, abin bautarmu mai kawar da cikas, bai yarda da tafiyar ba.

Wani dattijon direba, Gurdial, ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ɗana, a kan katifa kake fasa kwakwa?" Ya ɗauko bulo daga motarsa. "Saboda irinku nake yawo da shi."

Na rufe ido na rera "Om Gam Ganapataye Namaha", addu'ar kawar da cikas da kika koya mini ina yaro, da asuba, ina gyangyaɗi. Bugu ɗaya ta rabe biyu.

Na gode da ba ki ƙyale ni na yi barcin ba. Ki kai wa Ganesha alawar modak a madadina, rabona kuma ki cinye.

Ɗanki,
Ninad