Ƙofar Motar Mahaifiyarki

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan kalau, sai gwiwata da nake ta fama da ita. Ƙaninki ya koma makaranta.

Kin ce in nemi mota mai ƙwari saboda zirga-zirgar asibiti. Na ɗauki makanikena muka je wajen dillali. Muna shiga layi na gan ta: motar mahaifiyarki, mai haɗa fetur da batir, wadda muka sayar lokacin jinyarta. Har yanzu ba ta da ƙara in an tashe ta, shi ya sa marigayiya take ce mata Munafuka.

Kin san ni. Daga facin taya na fara har na kafa shago, ban taɓa sayen ƙarfe da zuciya ba. Makanike ya jona na'urarsa, ya ce babban batirin ya kusa mutuwa, sabo kuma ya kai kuɗin motar, ga birkin ya cinye. Ya ce in na saya, wata rana a tsakiyar titi za ta ajiye ni da gwiwar nan, sai dai in goya ta. Na yi dariya don kada ya ga idona. Na ce wa dillali zan yi shawara.

Na yi ta aunawa, in lissafa gyara, in tuna ke da alkawarin da na yi miki na sayen mota mai ƙwari. Ranar da na yanke cewa ko me za ta ci zan saya, na tarar an miƙa ta ga masu kwance motoci. Har sun cire inji da kujeru.

Ƙofar direba na saya. A jikinta akwai ƙarzar da mahaifiyarki ta yi a get ɗinmu, ta shafe da jan farce don kada in gani. Na gani tun ranar, ban taɓa faɗa mata ba. Ƙofar tana jingine a ɗakinta. Kada ki ce in fitar.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan takwarar marigayiya.

Naki,
Babanki