Hoton Cikin Rumbun Babanmu

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan abinci ba ya min daɗi.

Ni ɗan Turba ne, ina ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine, furojet ɗina kan rumbunan laka na ƙasar Gobir ne. Wata biyu ina zarya laburaren jami'a, wata ma'aikaciya, Allah ya saka mata, ta buɗe min duk rumbunan bayanan intanet da makaranta ke biyan kuɗinsu. Fadoji da masallatai kam har sai ka gaji, amma rumbun hatsi irin namu ko hoto ɗaya babu, sai ka ce mu a leda muke ajiye gero. Na kai wa sufabaizana kuka, shi kuwa murna ya yi, wai ni ne na farko, in je in auno in ɗauko hoton ciki da waje.

A gidanmu babban rumbu Baba kaɗai ke buɗe shi, ko ƙannensa ba sa leƙawa. Damina biyu ke nan ruwa na yanke mana gero bai yi ido ba, amma kowa ya kwantar da hankali, ana cewa akwai tsohon gero a ciki. Na san Baba ba zai yarda ba, don haka ranar da ya tafi kasuwar Sabon Birni na kafa tsani na ɗaga murfin. Wallahi dami uku na gani. Uku, a gidan da ke ɗora babbar tukunya kullum. Na ɗauki hoton, kuma don wauta a ranar na tura wa sufabaiza.

Baba ya ga sawun tsanin. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce min kawai, "Abin da ka gani, idonka ad da shi, kak ka kai shi gaba."

Yanzu sufabaiza ya ce hoton nan ne ginshiƙin aikin, don da rumbun cike yake da ba a ga yadda aka ɗaura ginin daga ciki ba. Na roƙe shi in sa zane, mun yi ta ja-in-ja, ya ce ba hoto ba sa hannu, kuma bayan difens, wato in na kare shi gaban malamai, za a ɗora aikin a intanet da sunan garinmu. Saura sati biyu.

Jiya ƙanin Baba ya kira ni yana alfahari, wai rumbun gidanmu zai shiga duniya, in turo masa hoton ya nuna a majalisa. Na ce caji ya ƙare.

In na cire za ni maimaita shekara, in na bari na tona asirin mutumin da ya hana kansa jin daɗi don ya kai ni jami'a. Ku da kuka san darajar uba, wanne za ni ɗauka? Har yanzu wayata a kashe take.