Ranar da Dogo Ya Tare Mini Ƙofa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Babbar kwamfutar ma'aikatarmu, wadda ke ba manyan motoci takardar fita da kaya, ta tsaya cak shekaranjiya da rana tsaka. Direbobi suka cika harabar, kifinsu da tumatir na ruɓewa a mota. Manaja ya ce in kashe ta in kunna. Na ƙi. A aikinmu ba a yin haka sai an kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta lokacin da ta faɗi, don a nan lambar kuskuren take. Da lambar ake shiga rumbun bayanan kamfanin da ya ƙera ta, a duba ko an taɓa ganin irin ciwon, kuma mene ne maganinsa. Kin dai san taurin kaina.

Ina cikin kwashewa aka fara jifa. Gilashin taga ya tarwatse, ya tsaga mini tafin hannun dama. Dogo, abokin aikina, wanda ko kaza ba ya iya yankawa, ya ce in ci gaba, shi zai tare ƙofa. Ina ji suka rufe shi da duka da ƙarfen cire taya. Wani ya riƙa gwara kan Dogo da bango. Ni kuwa ina danna lamba, jini na gangarawa tsakanin maɓallai, rumbun na jan ƙafa. Na zagi wanda ya tsara shi har kakansa. Amsoshi suka fito rututu, wannan ta tsohuwar manhaja, waccan ta wata na'ura daban, ina buɗewa ina rufewa. Can Dogo ya daina ihu, kuma wallahi shirun ya fi ihun tayar mini da hankali.

Na samo, Yaya. Kamfanin ya san matsalar tuntuni. Babu wani gyara da za a ɗora. Layi ɗaya suka rubuta: a kashe a kunna, ba abin da zai ɓace.

Na yi hakan. Takardu suka fara fitowa. Waɗanda suka farfasa Dogo suka bi layi, har da mai yi mini sannu da aiki.

Yanzu yana asibiti. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, idon hagu kuwa likita bai ba da tabbaci ba. Manaja ya kalle ni ya wuce, gara ma a ce ya mare ni. Jiya na je dubiya. Dogo ya kama rigata, ya motsa yatsu kamar mai danna kwamfuta, yana tambaya ko na samo. Na gyaɗa kai. Ya ɗaga mini babban yatsa, matarsa na ta sa mini albarka, wai gyarana ne ya sa aka bar shi da rai.

Tsoro nake ji, Yaya. Ranar da aka kwance masa baki ya tambaye ni mene ne maganin, me zan ce masa?

Ki gaida kowa da kowa, ki sa Dogo a addu'a.

Ƙanenki,
Auta