An Roƙe Ni In Riƙi Ɗan Cikina

Anti mai fili, ki taimake ni da shawara tun kaina bai fashe ba. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shi ma ajin ta taga na fi ganinsa.

Ni mai aski ne, kuma tun ina yaro bakina ba ya zama wuri ɗaya. Ko a gidan makoki sai matata ta taka mini ƙafa. Bara babban ɗana ya biye wa abokai suka ɗauki babur ɗin mutane, suka je suka afka wa rumfar wata baiwar Allah, ta karye a hannu. Alƙali ya tura shi gidan horon yara. Ranar shari'a kawunsa na tura, na ce cikina ke ciwo. A unguwa da majami'armu muka ce yaro ya tafi koyon sana'a wajen dangi. Ranar ziyara kuwa, a jikin katanga iyaye ke layi, bakin titi, kowa ya wuce sai ya ƙare musu kallo. Sau ɗaya na je, na hango wani da nake yi wa aski a tsallaken hanya, sai na zarce kamar mai neman adireshi.

Ana nan sai na ji masu bishara na wata ikilisiya can ƙarshen gari suna neman mai aski na sa kai. Duk mako suna shiga gidan, su yi wa yaran karatu da waƙa da addu'a, su kai musu sabulu da maganin ƙaiƙayi. Na ce shi ke nan, Allah ya buɗe mini ƙofar baya. Shugabarsu tsohuwar malamar asibiti ce, kowa Mama yake ce mata. Allah ya sani niyyata in gaya mata a ranar farko cewa ɗana yana ciki. Muna bakin ƙofa ta ce ba abin da ke ƙona mata rai irin iyayen da suka jefo yara nan suka manta, sai na haɗiye maganata har da yawunta.

Aka ba ni benci a baranda, yara suka yi layi. Da ɗana ya zauna, na ga tabon bayan kunnensa, wanda ya samu yana rarrafe a ƙofar shagona. Maimakon in ce ɗana, sai wannan bakin nawa ya ce, “Kai yaro, wannan ƙeyar a gidan wa ka gado ta?” Yara suka fashe da dariya har da Mama. Ya bari dariya ta lafa, ya ce shi ba shi da kowa. Da na gama ya miƙe ya ce, “Na gode, Mai aski.” Har yau haka yake kirana.

Duk mako kafin mu tashi sai Mama ta sa a yi wa uban yaron nan addu'a, Allah ya tausasa zuciyarsa ta dutse. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Matata ta ce ita za ta bi layin, ina ta ba ta haƙuri wai ina kan shirya abin. Yanzu da murfin tukunya take yi mini magana.

To ga inda na ruɗe. Wa'adinsa ya kusa, an aika wa kawun ya zo ya karɓe shi, ya ce shi ya gama nasa. Mama ta kira ni gefe ta ce ta lura yadda nake daɗewa a kan yaron, ko zan riƙe shi ya koyi aski a wurina, Allah zai ba ni lada. In ba haka ba za su kai shi gidan renonsu a wani gari. Na ji kamar an tsinto mini takalmina ana tambaya ko zai yi mini. Amma da ta tambaye shi a gabana, ko kallona bai yi ba ya ce ya fi son wancan garin.

Anti, in karɓe shi a hakan in ci ladar banza? In fasa ƙwai su kore ni, in rasa ɗan ganin da nake yi masa? Ko in bar shi ya tafi, tunda mutanen nan sun fi ni iya zama iyaye?

Naku, Mai aski mai bakin tsiya.

AMSA

Ɗan'uwa, ka ba ni dariya, amma ban ƙarasa ta ba. Uban da ya manta da ɗansa ba ya ɗaukar injin aski duk mako ya tafi aikin kyauta, saboda haka ban yarda zuciyarka dutse ce ba. Tsoron idon mutane ne ya yi maka yawa. Sai dai ka duba ta wajen yaron. Ya yi laifi, an rufe shi cikin baƙin ido, ya ɗaga kai ya ga babansa, sai baban ya mai da shi abin dariya. Da ya ce ba shi da kowa, kai yake gaya wa, kuma har yanzu yana jiran ka ƙaryata shi.

Kada ka karɓe shi a matsayin yaron shago. Ranar da masu bisharar suka zo duba shi a gida magana za ta fito, kuma kafin nan za ka koya masa cewa har a ɗakin uwarsa ɓoye shi ake yi.

Ka fara da matarka. Ka ba ta haƙuri, don ka tsare uwa daga ɗanta, wannan ya fi duk sauran nauyi. Ranar ziyara mai zuwa ku tafi tare, ku tsaya a layin iyaye, wanda zai gani ya gani. In an fito da shi, ka ce masa ka yi kuskure, ka ji tsoro, ya yafe maka. Idan barkwanci ya taso maka, ka cije leɓe.

Kafin ranar ka sami Mama ita kaɗai ka gaya mata komai. Za ta ji haushi, kuma tana da gaskiya, don ka sa ta yi shiri a kan ƙarya. Amma wadda ta daɗe tana roƙon Allah ya kawo uban yaron nan ban ga za ta kore shi ba. Ka roƙe ta ta raka ka wajen jami'in kula da yaran, a san cewa yana da iyaye kafin a yanke inda za shi.

Idan bayan haka ya ce wancan garin yake so, kada ka tilasta masa. Wataƙila nisa da tsofaffin abokai alheri ne gare shi. Amma ya tafi yana da gidan da zai zo hutu.

Mai yiwuwa ranar farko ba zai amsa maka ba. Ka koma ranar ziyara ta gaba, da wadda ke bin ta. Allah ya daidaita tsakaninku, ya shirya mana yaranmu. A gai da uwargida.