Gaisuwar da Ta Karya Ƙafar Hauwa'u

Zuwa ga Shugaban makarantarmu ta firamare, da ke kan hanyar Kabo zuwa Gwarzo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki, ni ce malamar aji biyar. Sau biyu na rubuto maka a wannan zango ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili, ko iyayen yara za su taya ni roƙo kafin a ba da dogon hutu.

Na farko, bara ana saura sati a tashi, na same ka a ofis na roƙi awa ɗaya kacal don mu koya wa yara tsallaka titi da hawan keke. Ka ce babu lokaci, ana gwajin faretin ranar ba da kyaututtuka. Kwana huɗu aka yi ana buga ganga a fili. Ni ma ban matsa ba, na ce to, na koma aji.

Na biyu, kuma a nan laifina yake. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibaina cewa yaro mai tarbiyya ba ya gaida babba daga nesa. Ya sauka daga keke, ya zo har gabansa, ya durƙusa. Wanda ya ɗaga mini hannu daga tsallaken hanya, washegari sai ya share aji. Ina alfahari da wannan, iyaye suna yaba mini, kai ma ka yaba.

Sati biyu da ba da hutun bara, ranar kasuwa, ina tsaye a bakin kwalta ina jiran mota. Hauwa'u, ɗalibata 'yar garin Masanawa, ta taho a keken yayanta da kwanon abinci a ɗaure a baya, za ta kai wa babanta gona. Ta hango ni. Ta sauka kamar yadda na koya mata, ta turo keken ta shigo titi tana murmushi, idonta a kaina. Ba ta dubi hagu ba, ba ta dubi dama ba, don ba wanda ya taɓa ce mata ta duba. Mai babur ɗauke da buhunan taki ya taka birki iya ƙarfinsa, amma ina. A gabana ƙafarta ta karye gida biyu. Wallahi har yau in na ji ƙarar birki sai na tuna ranar.

Na uku, yanzu damina ce, kuma yaranmu ne masu kai abinci gona. Rabin kekunansu ba birki, da silifa suke tsayar da taya. Ba Hauwa'u kaɗai na koya wa wannan gaisuwa ba, ajina na bana ma da ita suka tashi. Na gyara a ajina, amma makarantar ba ajina kaɗai ba ce.

Don haka ina roƙon abu uku. A ba mu safiya guda kafin hutu, mu fita da kowane aji bakin titi su gwada da ƙafarsu: a tsaya, a duba, a saurara, a yi tafiya ana fuskantar mota. A kira mai gyaran keke ya duba birkin duk yaron da ya zo da nasa. Sannan kai da bakinka ka faɗa a taron safe cewa in titi ya raba yaro da babba, ɗaga hannu ya isa gaisuwa. In daga bakinka ya fito, iyaye za su karɓa.

Hauwa'u ta dawo makaranta, tana ɗingishi. Ranar da na je duba ta bayan an yi mata ɗori, tana kwance a tabarma, da ta gan ni sai ta yunƙura za ta durƙusa. Ni na riƙe kafaɗarta na hana ta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya dawo mana da yaranmu cif da ƙafafunsu.

Wassalam.

Malamar aji biyar.